Malam Abdullahi na Gwandu da Amanar Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ku sani an haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a shekara ta 1180 ta Hijira, daidai da 1766. Ya karanta Alƙur'ani ga mahaifinsa Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai uban ya damƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu. Shehu ya riƙe shi riƙon amana, ya karantar da shi, yana tafiya da shi wuraren wa'azi a Zamfara da Kabi. Ya kuma ɗauki ilmi ga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi da kansa ya lissafa malamansa cikin Ida'un Nusukhi.

Yaron nan da aka kyautata riƙonsa shi ya zama Wazirin Shehu. Shi ya ja rundunar Jama'a ranar Tabkin Kwatto a 1804, ya buɗe Birnin Kabi a 1805. Da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutane sai ya fita da nufin Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakarsu. A 1812 Shehu ya ba shi riƙon ƙasashen yamma, bayan wafatin Shehu a 1817 ya tabbata a Gwandu.

Yaƙi da mulki ba su shagaltar da shi ga barin alƙalami ba. Cikin talifansa akwai Lubabul Madkhali, inda ya taƙaita Madkhalu na Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1336. Madkhalu ya shimfiɗa ladubban mai karantar da yara. Ya daidaita ɗan mawadaci da ɗan matalauci wajen zama da karatu. Kada ya aike su biyan bukatar kansa. Ya horar da kallo da tsawa kafin ya ɗauki bulala, in ta zama dole to uku, kada ta wuce goma. Har ya hana yaro ya zo da abinci makaranta, domin kada zuciyar ɗan talaka ta karye. Wannan littafi Malam Abdullahi ya zaɓa ya kusanto da shi ga mutanen ƙasarsa.

Ya yi wafati a Gwandu a 1245, daidai da 1829, hubbarensa yana nan ana ziyara.

To, ya malaman allo na Gwandu da Kalgo, ya fatake da masu rumfuna, yaron da ubansa ya kawo muku amana ce, za a tambaye ku ita ranar gobe. Wanda ya bar almajiri ya yini bara da yunwa, ko ya ɗora wa yaron kasuwa kayan da suka fi ƙarfinsa, ya saki hanyar da Shehu ya bi da ƙanensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da sauƙi, don kada ya karye.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba mu ikon tsare amana. Amin.