Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi

A farkon ƙarni na 16 manyan dauloli biyu ne ke juya al'amuran wannan yanki namu: Songai a yamma, mai babban birni a Gawo, da Barno a gabas, wajen tafkin Cadi. Ƙasashen dallol, inda Filinge da Kurfai suke a yau, suna kan hanya tsakanin Gawo da Gulbin Kabi. A bakin wannan gulbi Muhammadu Kanta ya kafa sarautar da ta gagari daulolin nan biyu.

Tarihin baka ya nuna cewa Kanta ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna wajen dambe da kokawa, har samari suka taru gare shi. Da ya yi ƙarfi, ya zama mai mulkin Leka, kuma abokin yaƙin Askiya Muhammadu, wanda ya hau gadon Songai a 1493. A 1515 Kanta ya raka Askiya yaƙin Agadas, aka ci nasara. Amma a kan hanyar komawa aka hana mutanensa rabonsu na ganima. Littafin Tarihus Sudan, wanda aka rubuta a Tumbutu, ya nuna wannan ne mafarin rabuwarsu. Kanta ya yi tawaye a 1516. Askiya ya tura masa runduna, ta koma ba ta yi nasara ba. Daga baya Askiya Muhammadu Benkan ya sake gwadawa, shi ma ya sha kashi.

Kanta bai dogara ga jaruntaka kaɗai ba. Ya gina birnin Surame, ya kewaye shi da ganuwa ta duwatsu, ya kuma yi amfani da fadamu da jiragen ruwa wajen tsaron ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri cewa Sarkin Barno ya kewaye Surame da yaƙi, bai iya cin ta ba, ya juya. Kanta ya bi shi har Nguru, ya fatattaki rundunarsa. A kan hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ajali ya cim masa, aka kai gawarsa Surame.

Songai ta faɗi a hannun mayaƙan Maroko a Tondibi a 1591, Kabi kuwa ta ci gaba da mulkin kanta har aka ci Birnin Kabi a 1805, zamanin jihadi. Bayan haka Kabawa suka koma Argungu, inda suka ƙulla ƙawance da Zabarmawa da Arawa. Kufan Surame yana nan cikin jihar Sakkwato ta Nijeriya.

Askiya ya yi asarar babban aboki saboda rabon da ba a yi da adalci ba. Duk wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, ya kamata ya riƙe wannan labari.