Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Najeriya, a shekara ta 1911. Ya yi karatu a kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama malamin makaranta a can. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafai da Hausa. Ya shiga, ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1936 aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

A littafi na farko, sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa yana so ya halaka yaron. Kullum dare, in Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsai da shi da labari har gari ya waye. Da labarin bai yi daɗi ba, da Musa ya fita ya faɗa tarko.

Haka Imam yake gina labari. Yakan fara da mutum da garinsu, ya jefa shi cikin wahala, ya bar mai karatu da ɗokin jin ƙarshe, kana ya warware. Waɗansu labarun daga littattafan Larabawa da Indiya da Turawa ya samo su, amma ya sa musu rigar Hausa: sarki da fadawa, alƙali da ƴan kasuwa.

A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Tambayoyi
1. Don me aku yake ba Musa labari?
2. Ku kawo tatsuniya ɗaya da ake yi a Kurni. Wa ya shiga wahala? Yaya ya fita?