Arthur Conan Doyle (1859–1930): Likitan da Ya Ƙagi Sherlock Holmes

Duk ɗalibin da ya taɓa raba dare yana karatun labarin binciken laifi, yana ɗokin ya gano wanda ya yi kisa tun kafin marubuci ya faɗa masa, to, ya ci albarkacin Arthur Conan Doyle, ko da kuwa bai taɓa buɗe littafinsa ba. Ba shi ne ya fara irin wannan ƙagaggen labari ba. Edgar Allan Poe na Amurka ya riga shi tun cikin 1841, haka kuma Emile Gaboriau na Faransa. Amma shi ne ya daidaita masa zubi da tsarin da marubuta suka yi ta bi a bayansa, watau gwani mai kaifin lura, da aboki mai ba da labari, da alamun da akan baje wa mai karatu a gabansa amma ya kasa karanta su. Ya kuma taɓa ƙagaggun labaran kimiyya, daga ƙarshe ya faɗa cikin sha'anin aljanu da ruhohi, wannan karon kuwa ba a matsayin ƙage ba.

An haife shi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan ran 22 ga watan Mayu, 1859. Mahaifinsa, Charles Doyle, ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne mai hannun zane, amma giya da farfaɗiya suka cinye shi, har ya ƙare rayuwarsa a gidan masu taɓin hankali cikin 1893. Abin da ya fi yawan zanawa kuwa shi ne 'yan ƙananan aljanu masu fikafikai irin na tatsuniyoyin Turawa, kamar yadda ɗan'uwansa Richard Doyle ya yi suna wajen zana su. Mahaifiyarsa, Mary, ita ta riƙe gidan cikin talauci, kuma gwana ce wajen ba da labaran jarumawan dā. Baffanninsa ne suka biya masa kuɗin makarantar limaman Katolika ta Stonyhurst a Ingila, inda ya sha bulala, ya kuma fito zuciyarsa ta yi sanyi da addinin da aka rene shi a ciki.

Cikin 1876 ya shiga Jami'ar Edinbara domin koyon aikin likita. A nan ya gamu da wani malami, Dokta Joseph Bell, wanda ya ɗauke shi ya riƙa shigar masa da marasa lafiya. Wannan malami kan dubi majinyaci tun bai buɗe baki ba, ya faɗi sana'arsa da inda ya fito, daga kantar hannunsa, ko irin tafiyarsa, ko launin taɓon da ke jikin takalminsa. Ɗalibai su yi ta mamaki, sa'an nan ya warware musu dalilansa ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya koma kamar wasa. Wanda ya taɓa ganin mai bin sawu ya tsuguna a bakin garke, ya ce ɓarawon gurgu ne kuma da asuba ya wuce, ba zai rasa gane irin wannan gwaninta ba. Doyle bai ɓoye ba cewa daga wannan malami ya samo Holmes.

Talauci ya sa ya nemi aiki a jiragen ruwa. Cikin 1880 ya yi watanni a tekun ƙanƙara na arewacin duniya tare da mafarauta, sa'an nan bayan ya sami digirinsa cikin 1881 ya zama likitan wani jirgi mai suna Mayumba, wanda ya taso daga Libaful zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ya ga Ikko, ya ga Kalaba, zazzaɓi ya kusa kashe shi, ya koma gida farkon 1882 ba ya marmarin dawowa. Abin da ya rubuta game da mutanen gaɓar bai kuɓuta daga rainin da Turawan zamaninsa ke yi wa baƙar fata ba.

A wannan shekara ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Southsea, kudancin Ingila, da 'yan kuɗin da ba su kai fam 10 ba. Majinyata ba su cika zuwa ba, saboda haka ya cika lokacin jira da rubutu. Ya auri Louisa Hawkins cikin 1885. A shekara ta gaba ya rubuta A Study in Scarlet, labarin da Sherlock Holmes da abokinsa Dokta Watson suka fara bayyana a ciki. Kamfanoni suka yi ta mayar masa da shi, har ya sayar wa Ward Lock da haƙƙin mallakarsa ɗungurungum a kan fam 25. Aka buga shi cikin 1887, bai kuwa sake samun ko kwabo daga gare shi ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Sai cikin 1891 kasuwa ta buɗe masa, sa'ad da mujallar Strand ta Landan ta fara buga gajerun labaran Holmes wata-wata. Dabarar da ya yi ita ce kowane labari ya ƙare a fitowa guda, amma tauraron yana nan bai canja ba, ta yadda wanda fitowa ɗaya ta wuce shi bai yi hasarar zaren labari ba, wanda kuma ya karanta ɗaya sai ya nemi na gaba. A shekarar nan ya ajiye aikin likita.

Ya kamata a tsaya a dubi inda daɗin waɗannan labarai yake, domin ba a yawan jini ko artabu yake ba. Alal misali, a cikin Silver Blaze na 1892, an wayi gari wani dokin sukuwa ya ɓace, an kuma tsinci gawar mai horar da shi a daji da rauni a ka. 'Yan sanda suka kama wani baƙo da aka gani yana shawagi a wurin. Holmes kuwa abubuwa biyu suka tsaya masa a rai, waɗanda an faɗa wa mai karatu su amma ya wuce su. Na farko, karen da ke barga bai yi haushi ba a daren, ashe wanda ya kwance dokin ɗan gida ne. Na biyu, wasu tumakin gidan sun kama ɗingishi kwanan nan, ashe wani ne ke gwada hannunsa wajen tsaga jijiyar ƙafa. Mai horon da kansa ne ya fitar da dokin domin ya gurgunta shi a ɓoye saboda caca, dokin ya tsorata ya harbe shi. Idan mai karatu ya zo nan yakan koma baya ya ga cewa ba a ɓoye masa kome ba, shi ne dai bai lura ba. Wannan haushin kai mai daɗi shi ne jarin irin wannan adabi. Shi kuwa Watson, wanda wasu ke ɗauka dolo ne, aikinsa babba ne: yana ganin duk abin da Holmes ya gani, yana faɗinsa da gaskiya, amma bai san ma'anarsa ba, don haka marubuci ke iya cika alkawarin bayyana kome ba tare da ya tona asirin labarinsa ba.

Abin mamaki shi ne Doyle bai ɗauki wannan aiki da daraja ba. A ganinsa littattafansa na tarihi, irin su The White Company na 1891, su ne adabi, Holmes kuwa hana ruwa gudu ne. Cikin watan Disamba na 1893 ya jefa shi tare da abokin gabarsa Farfesa Moriarty cikin magangarar ruwan Reichenbach a Siwizalan. Masu karatu suka yi ca, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa. Shekarar ta zo masa da nauyi ta wani gefen, domin a cikinta mahaifinsa ya rasu, aka kuma gano matarsa na da tarin fuka, ciwon da ta yi ta jinya har rasuwarta cikin 1906. Ya yi shekara takwas bai waiwayi Holmes ba, sa'an nan ya fito da The Hound of the Baskervilles tsakanin 1901 da 1902, ya kuma tashe shi sosai cikin 1903 da aka yi masa tayin kuɗi mai tsoka. Zuwa 1927 labaran sun kai dogaye 4 da gajeru 56. A tsakanin nan ya yi aikin asibiti a yaƙin Afirka ta Kudu cikin 1900, ya rubuta ƙasidar kare sojan Ingila daga zargin zalunci, aka ba shi lambar girma ta Sa cikin 1902. Shi ɗin ne kuma cikin 1909 ya rubuta littafin tona ta'asar da aka yi a Kwango ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam. Laifin wani ya fi masa sauƙin gani da na ƙasarsa.

Inda ya nuna cewa dabarar Holmes ba ta takarda kaɗai ba ce shi ne shari'ar George Edalji, wani matashin lauya ɗan wani fasto Ba'indiye a ƙauyen Great Wyrley. Cikin 1903 an yanke masa ɗaurin shekara 7 bisa zargin farke cikin wani doki da dare, ko da yake an ci gaba da farke dabbobi yana tsare. Bayan an sake shi cikin 1906 ya rubuto wa Doyle yana neman a wanke sunansa. Suka yi alkawarin gamuwa a wani otal a Landan, Doyle ya makara, da ya shigo sai ya hango saurayin yana karanta jarida ya kai ta dab da idonsa. Shi kuwa ya taɓa koyon aikin ido. Nan take ya gane cewa mai wannan gajeren gani ba zai iya ratsa gonaki da shinge cikin duhu da ruwan sama ya yanki dabba ba. Ya bi shaidu ɗaya ɗaya, ya buga su a jarida, ya kuma faɗi a fili cewa launin fata ya taka rawa. Cikin 1907 aka yi wa Edalji afuwa, ba tare da diyya ba, kuma wannan shari'a tana cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a Ingila a shekarar. Haka ya yi ta fafutuka a kan Oscar Slater, wani Bayahuden Jamus da aka ɗora wa kisan wata tsohuwa a Gilasgo cikin 1909, har aka soke hukuncin cikin 1928.

Cikin 1912 ya buɗe wata ƙofa da The Lost World, labarin Farfesa Challenger, wani masani mafaɗaci da ya gano wani tudu a dajin Amurka ta Kudu inda manya-manyan ƙadangarun da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam suke raye. Akwai wurin da ya cancanci a riƙe a cikinsa. Da matafiyan suka komo Landan suka nuna hotuna, sai wani masani ya tashi ya ƙi yarda, bisa hujjar cewa hoto abu ne da ake iya haɗawa. Bai yi shiru ba sai da Challenger ya buɗe akwati, wata halitta mai fikafikan fata ta tashi a cikin zauren. Daɗin daɗawa, Doyle da kansa ya manna gemun ƙarya aka ɗauke shi hoto a matsayin Challenger domin a ƙawata littafin. Ashe ya san yadda ake yi wa ido dabo da kyamara.

Tun yana Southsea yake leƙa zaman masu da'awar magana da ruhohin matattu, inda ake cewa ruhi kan hau wani ya yi magana da bakinsa ko ya yi rubutu da hannunsa. Cikin 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya bayyana cewa ya yi imani da abin. Akan ce mutuwar ɗansa ce ta jefa shi ciki, amma lissafin shekaru bai yarda ba, domin ɗan nasa Kingsley, wanda aka raunata a fagen yaƙin Somme, sai cikin watan Oktoba na 1918 ya rasu, ƙanensa Innes ya bi shi cikin Fabrairu na 1919. Rashin dai ya ƙara ƙulla abin da ya riga ya ƙullu. Matarsa ta biyu, Jean Leckie, wadda ya aura cikin 1907, ita ma ta zama mai karɓar saƙon ruhohi. Ya zuba dukiyarsa da sauran ƙarfinsa cikin yawon wa'azin wannan aƙida, daga Ostareliya zuwa Amurka, har Afirka ta Kudu da Kenya.

Cikin 1920 aka kawo masa hotunan da wasu 'yan mata biyu, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauka cikin 1917 a bakin wani rafi a ƙauyen Cottingley, suna da shekara 16 da 9. A ciki ana ganin 'yan aljanu masu fikafikai suna rawa a gaban ƙaramar. Mutumin da ya karanta idon Edalji daga nesa ya buga su a Strand a matsayin gaskiya, ya kuma rubuta littafi sukutum a kansu cikin 1922. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce yara mata 'ya'yan talakawa ba za su iya irin wannan yaudara ba, hujjar da Holmes ba zai saurara ba ko na minti ɗaya. So hana ganin aibi, in ji Hausawa, ga shi kuma irin halittun da mahaifinsa ya yi ta zanawa ne a gidan mahaukata. Sai cikin 1983, suna tsofaffi, matan suka amsa cewa zane ne suka yanka suka kafe da allurar hula, ko da yake Frances ta tsaya a kan cewa hoto na biyar na gaske ne. Sun kwaikwayi zanen daga wani littafin yara, Princess Mary's Gift Book, wanda a cikinsa akwai labarin da Doyle ya rubuta da hannunsa.

Haka abotarsa da Harry Houdini, shahararren mai rufa-ido na Amurka, ta lalace. Cikin 1922 matar Doyle ta rubuta shafuffuka ta ce saƙo ne daga mahaifiyar Houdini, cikin Turanci tsantsa, da alamar gicciye a sama, alhali marigayiyar matar malamin Yahudawa ce da ba ta iya Turanci sosai ba. Houdini ya yi ta rantsuwa cewa duk abin da shi kansa ke yi dabara ce kawai, Doyle kuwa ya nace cewa yana da wani ƙarfi na ɓoye da yake musantawa.

Ciwon zuciya ya kama shi bayan wata tafiyar wa'azi a arewacin Turai cikin 1929. Ya rasu a gidansa na Crowborough ran 7 ga watan Yuli, 1930, yana da shekara 71. Bayan kwana shida dubban mutane suka taru a babban zauren Albert da ke Landan. A kan dandamali, kusa da matarsa, aka ajiye kujera guda ba kowa a kai, da kati ɗauke da sunansa, wata mai da'awar ganin ruhohi kuma ta tashi ta shaida wa taron cewa ga shi nan ya shigo cikin kayan dare ya zauna.