Ibn Batuta: Alƙalin Da Ya Shekara Talatin a Kan Hanya

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Ibn Batuta ne a darasin tarihi, wurin da ake maganar daular Mali, muka haddace shi don jarrabawa, muka wuce. Amma zuwansa Mali shi ne ƙarshen tafiye-tafiyensa. Kafin nan ya riga ya yi fiye da shekara ashirin da biyar yana yawo, kuma yawancin wuraren da masu hali suke biyan kuɗin jirgi don su gani a yau, shi a kan raƙumi da jirgin ruwa na katako ya je su.

Sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi. An haife shi a Tanja, a bakin teku a arewacin Maroko, a shekarar 1304, a gidan alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya. Da ya kai shekara 21, wato a 1325, sai ya ɗaura niyyar aikin hajji, ya fita shi kaɗai, ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa duk da rai. Bai sake ganin ko ɗayansu ba.

Ya isa Iskandariyya a 1326, ya je kallon shahararriyar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, ya iske gefenta guda ya rushe. Da ya sake biyowa bayan shekara 23, ko shiga ba ta yiwuwa. Daga Alƙahira ya bi kogin Nilu zuwa kudu don ya ƙetare Bahar Maliya, sai ya tarar ana faɗa a tashar Aizab, an nutsar da jiragen. Dole ya juya ya bi ta Ƙudus da Dimashƙu, daga nan ya shiga ayarin alhazai. A ƙasar Sham, kusa da Lazikiyya, ya ambaci wani gidan ruhubanawan Kirista da ake kira Dairul Farus, inda ake saukar da Musulmi matafiya, a ba su gurasa da cuku da zaitun. Irin wannan saukar baƙi ce ta riƙe shi duk tsawon tafiyarsa: zawiyoyin sufaye, makarantu, fadojin sarakuna. Mutum mai ilimin shari'a da Larabci a wancan zamani ba ya rasa masauki daga Fas har Sin.

Da ya sauke farali, maimakon ya koma gida sai ya nufi Iraƙi da Farisa. Wajen 1331 kuma ya shiga jirgi daga Adan ya gangara gaɓar gabashin Afirka. Zaila ba ta yi masa ba sam, saboda ƙarnin kifi da jinin raƙuman da ake yankawa a kan hanya, har ya gwammace ya kwana a cikin jirgi. Mogadishu kuwa ya same ta babban birni na attajirai, ana saƙa tufa ana kaiwa har Masar, aka kuma karrama shi da shinkafa dafaffiya da man shanu. Ya kwana ɗaya a Mombasa, ya wuce Kilwa, wadda ya lissafa cikin mafi kyawun biranen da ya gani. Zinariyar Sofala ce ta gina ta, sarkinta kuwa ana yi masa laƙabi da Abul Mawahib saboda kyauta. Yau Kilwa kufai ce a wani tsibiri a Tanzaniya, amma babban masallacinta da ragowar fadar Husuni Kubwa suna nan, kuma tun 1981 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. In da ni za a tambaya inda ya kamata ɗan Afirka ya fara zuwa in Allah ya hore masa, nan zan ce, ko da yake kuɗin hutun ma'aikacin gwamnati ba su cika kai mutum nesa da garinsu ba.

Tafiyarsa zuwa Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, kusan sa'a ce. Yana fadar Uzbek Khan, sarkin Mangolawa Musulmi a arewacin Baƙin Teku, sai ɗaya daga cikin matan sarkin, Bayalun, 'yar gidan sarautar Rum, ta nemi izinin zuwa gida haihuwa. Ibn Batuta ya roƙa aka sa shi cikin 'yan rakiya. Ya yi wata ɗaya da kwana shida a birnin, ya gana da sarki Andronikus na Uku. Bai shiga babbar majami'ar Aya Sofiya ba, don an gaya masa mai shiga sai ya rusuna wa gicciye. Daga waje ya tsaya ya kalla. Ginin nan ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, ya sake komawa masallaci a 2020. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne gidajen ruhubanawa, waɗanda ya kwatanta da zawiyoyin da ya sani: na maza daban, na mata daban, akwai na makafi da tsofaffi. Ya ce ya haɗu da wani tsoho cikin tufafin gashi wanda aka gaya masa tsohon sarki ne da ya bar mulki, da tsohon ya ji baƙon ya taka Ƙudus, sai ya shafi ƙafarsa ya shafa a fuska. Masana tarihi suna ja a kan ko wane ne wannan tsoho, don lissafin shekarun bai dace da sarkin da ya yi murabus ba. Ko ma wane ne, alƙalin Malikiyya ya ba da labarinsa ba tare da raini ba.

A Dilli ya fi daɗewa. Sarki Muhammadu bin Tugluk ya naɗa shi alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara, duk da haka bashi ya yi masa katutu, don ba ya iya riƙe kuɗi. Sarkin nan kuwa yadda hannunsa yake a buɗe haka takobinsa yake a zare. Da aka kama wani shaihi da Ibn Batuta ya taɓa ziyarta, sai aka sa masu gadi a kansa, ya duƙufa da azumi yana jiran hukunci. Ya tsira, har a 1341 sarkin ya tura shi jakada zuwa Sin. A tashar Kalikut guguwa ta farfasa jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan sarki yana tsaye a gaɓa, ƙaramin jirgin da kayansa suke ciki kuma ya tafi ya bar shi. Ya san abin da zai tarar in ya koma Dilli hannu rabbana, don haka bai koma ba.

Ya faɗa tsibiran Maldif, ya yi alƙalanci wajen wata tara, ya yi aure-aure, ya tsananta hukunci har ya ɓata da waziri. Nan ne ake tsince wuri daga teku, ya ce ana ba da 400,000 a dinari ɗaya. Daga baya ya iske wurin nan a Mali da Gawo ana sayar da 1,150 a dinari. Ga asalin kuɗin da kakanninmu suka riƙa ƙirgawa a kasuwa. Daga nan ya hau dutsen da ake cewa akwai sawun Annabi Adamu a Siri Lanka, ya bi ta Bangal da Sumatara ya isa tashar Zaitun a Sin, inda ya ga ana ciniki da kuɗin takarda.

A hanyar dawowa, a 1348, ya iske annoba tana cin mutane a Dimashƙu, can kuma ya ji mahaifinsa ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Da ya kusa gida a 1349, aka gaya masa annobar ta ɗauke mahaifiyarsa.

Bai zauna ba. Ya leƙa Garnaɗa a Andalus, sannan a 1352 ya ƙetare Sahara daga Sijilmasa, ya bi ta Tagaza inda ake gina ɗakuna da gishiri. Ya yi wata takwas a fadar Mansa Sulaiman. Ya raina tarbar da aka yi masa ta gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, amma ya yaba zaman lafiyar ƙasar da yadda ake matsa wa yara haddar Alƙur'ani. Daga Tambutu da Gawo ya zo Takadda, wadda masana suke ganin ita ce Azelik a yankin Agadas a Nijar, ya ce ana kai tagullarta Gobir da Barno. Wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Gobir. Ayarin da ya koma da shi Maroko a 1353 yana ɗauke da bayi mata kamar 600, kuma bai ga abin magana a ciki ba. Shi kansa ya sayi bayi, ya saki mata a garuruwa da dama ya bar 'ya'ya a baya. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

Sarkin Maroko Abu Inan ya sa ya ba da labarinsa, wani marubuci ɗan Andalus, Ibn Juzayyi, ya rubuta, aka kammala littafin da aka fi sani da Rihla a 1355. Tun yana da rai wasu suka ƙaryata shi, kamar yadda Ibn Khaldun ya ambata, kuma an gano an ɗebo wasu sassan daga littafin Ibn Jubairu. Amma yawancin sunayen sarakuna da alƙalai da ya kawo sun dace da abin da aka samu a wasu littattafan. An ƙiyasta ya yi tafiyar kilomita 117,000. Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a Maroko, ya rasu a 1368 ko 1369. A tsohon garin Tanja akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake nuna wa baƙi a matsayin kabarinsa, filin jirgin saman garin kuma sunansa yake ɗauke da shi.