Samuel Smiles: Sakataren Kamfanin Jirgin Ƙasa Da Littafin Da Aka Ƙi Bugawa

A shekarar 1855 wani ma'aikacin ofis a Landan ya kai rubutaccen littafinsa kamfanin ɗab'i na Routledge, aka dawo masa da abinsa. Ana tsakiyar Yaƙin Kirimiya a lokacin, hankalin masu karatu ya koma fagen daga, babu mai sauraren nasiha a kan naci da haƙuri. Mutumin, Samuel Smiles, sakataren kamfanin jirgin ƙasa na South Eastern, ya adana takardunsa ya koma bakin aiki.

An haife shi ranar 23 ga Disamba, 1812 a Haddington ta ƙasar Sikotland. Ya karanci likitanci a Jami'ar Edinbara. Kwalara ta kashe mahaifinsa a 1832, mahaifiyarsa ta ci gaba da riƙon shagon gidan, da shi ta ciyar da 'ya'ya goma sha ɗaya. Likitancin bai karɓe shi ba, sai ya koma aikin jarida, ya zama editan Leeds Times, kafin ya shiga harkar jirgin ƙasa a 1845.

A wannan shekara ce aka shuka irin littafin. Wasu samarin leburori a Leeds, masu haɗuwa da dare suna koya wa junansu karatu da lissafi, suka roƙe shi ya yi musu jawabi. Ya ba su labaran talakawan da suka ɗaukaka da guminsu. Daga nan ya shiga tara irin waɗannan labarai, yana rubutu da dare bayan an tashi daga ofis.

Abin da ya buɗe masa ƙofa wani littafi ne dabam: tarihin George Stephenson, gwanin ƙera kan jirgin ƙasa, wanda John Murray ya buga masa a 1857, ya kuma samu kasuwa. Sai Smiles ya kakkaɓe tsohon rubutunsa. Murray ya yarda a buga a raba riba biyu, amma Smiles bai son a datse masa labaran da yake gani su ne ran littafin. Ya zaɓi ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya riƙe haƙƙin mallaka, Murray ya karɓi la'adar kashi goma cikin ɗari. Ga mai albashi da iyali, kasada ce babba. Da littafin ya yi kwantai, shi kaɗai zai ɗauki asarar.

Self-Help, wato taimakon kai, ya fito a Nuwamba 1859, watan da Murray ya fitar da littafin Darwin a kan asalin halittu. Cikin shekara guda an sayar da kwafi 20,000. Kafin rasuwar marubucin adadin ya haura 250,000. Fassarar Nakamura Masanao ta 1871 ta zama abin karatun samarin Japan, Yaƙub Sarruf kuma ya mayar da shi Larabci a 1880 da sunan Sirrun Najah. Bayan kimanin shekara ashirin, Smiles ya zauna kusa da Routledge a wata liyafa. Da mutumin ya tambaye shi yaushe za su samu alfarmar buga masa littafi, sai ya tuna masa wanda suka mayar.

Masu suka sun ce littafin yana ɗora wa matalauci laifin talaucinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin labaran waɗanda suka yi naci suka faɗi ba su da yawa a ciki. Shi kansa ya koka cewa sunan littafin ya sa ana zaton son kai yake yabo.

Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 1871, har sai da ya sake koyon karatu da rubutu, ya kuma ci gaba da wallafa. Littafin da ya so ya rufe da shi, Conduct, Murray ya ƙi bugawa, bai kuwa taɓa fitowa ba. Smiles ya rasu a Kensington ranar 16 ga Afrilu, 1904, yana da shekara 91.