Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Har Yau Ake Aiki Da Lissafinsa

Kun san ɗan kunnen nan da ake yi wa ruwan zinare? Tsoma shi ake yi cikin ruwan sinadari, a saki lantarki, sai zinaren ya manne masa. To, wanda ya gano lissafin wannan aiki bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

An haifi Michael Faraday a Landan ranar 22 ga Satumba, 1791. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan kuwa sai a hankali. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya shekara 7 a shagon. Littafin kimiyya in ya shigo hannunsa, sai ya karance shi tas.

A 1812 ya saurari laccocin masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuce su, ya ɗinke, ya aika masa. Shekara na zagayowa Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a Royal Institution. A nan ne, tsakanin 1833 da 1834, ya tabbatar cewa yawan ƙarfen da ke mannewa yana bin yawan lantarkin da ya ratsa ruwan. Ka ninka lantarki, ƙarfe ya ninku.

Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, bayan sau biyu yana ƙin karɓar shugabancin Royal Society. Amma lissafinsa bai bi shi kabari ba.

A 1981, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Suwizalan suka ƙera na'ura mai allura mai tsinin gaske, wadda ke bin saman abu har ta nuna ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Daga baya masana suka tsoma irin wannan allura cikin ruwan sinadari. A 1997, tawagar Dieter Kolb a Jamus ta tara tagulla a bakin allurar da lantarki, tana ɗiga ta kan zinare, kowane ɗigo 'yan nanomita kacal. Nanomita fa, ka raba milimita gida miliyan, ka ɗauki ɗaya! Duk ƙanƙantar aikin, in ana son sanin ƙarfen da lantarki ya tara, lissafin Faraday ake komawa.

Littattafan da Faraday ya karanta a shago na mutane ne, da ya gama ɗinki za a zo a karɓe. Kai naka suna cikin waya. Wanne ka buɗe a makon nan?