Areniyus da gishirin cikin ruwa

Ku zuba gishiri cokali guda cikin kofin ruwa, ku motsa. Gishiri ya ɓace, amma harshe ya san yana nan. In kuka aje kofin a rana har ruwan ya ƙafe, ga gishirinku a gindi. To, lokacin da ido ba ya ganinsa, yaya yake? Wanda ya gano amsa ya sha wuya kafin a yarda da shi.

Ana rubuta sunansa Svante Arrhenius, mu sai mu ce Areniyus. An haife shi a 1859 kusa da birnin Upsala, cikin ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, inda sanyi ke daskarar da tabki har mutum ya taka shi. Ubansa mai awon filaye ne. Yaron ya koyi karatu da kansa yana ɗan shekara 3. Lissafi kuwa, wajen kallon ubansa yana haɗa lambobi ya kama shi.

Ya shiga jami'ar Upsala a 1876, ya koma birnin Istokolm a 1881. Can ya yi ta gwajin ruwa da lantarki. Ruwa zalla da ƙyar lantarki ke bi ta cikinsa. Busasshen gishiri ma ba ya ba shi hanya. Amma da an haɗa su, sai lantarki ya wuce. Sukari fa? Yana narkewa sarai, amma lantarki ba ya wucewa.

Areniyus ya yi tunani: cikin ruwa gishiri yana rabewa ne gida biyu, ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira iyon. Su ne ke yawo cikin ruwa suna kai lantarki. Sukari shi ba ya rabewa haka.

A 1884 ya miƙa wa malaman Upsala littafinsa na neman digirin dokta, da tushen wannan tunani a ciki. Suka ba shi maki kaɗan, irin wanda ba a ɗaukar mutum koyarwa da shi. Kada ku ce masu shakka wawaye ne. Sun san gishiri haɗin abu biyu ne: sodiyom, ƙarfen da ke tafarfasa in ya taɓa ruwa, da kulor, iska mai guba. Yaya za a ce suna rabe cikin miyar da muke sha? Abin da ba a gane ba tukuna, iyon ɗin sodiyom halinsa dabam ne da na ƙarfen.

Areniyus ya aika littafin ga masanan waje. Wani mai suna Ostwal ya karanta, ya taso tun daga Riga ya zo ganin saurayin. Ganin haka, Upsala ta ba shi aikin koyarwa. A 1887 ya kammala bayaninsa, a 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa magunguna. Shi ne ɗan Suwidin na farko da ya same ta.

Ya yi wani lissafin a 1896: in irin iskar da ƙona kwal ke fitarwa ta ƙaru a sama, duniya za ta ƙara zafi. Shi yana ganin alheri ne. Mutumin ƙasar sanyi ke nan, bai taɓa yin bazara a nan ba!

Ya rasu a Istokolm ran 2 ga Oktoba 1927, aka rufe shi a Upsala.